Sadakar Mma Safiatu

University Heights, Bronx
13 ga Satumba, 2015

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki? Ina fata hannun daman ya fara motsi, kuma kana shan magani ba sai Mama ta bi ka da kofi har ƙofar gida ba. Yaya Mama da Yaya Filomina da mutanen Bukuru gaba ɗaya? Ni lafiya lau nake, ban da kewa.

Tun da ciwon nan ya nauyaya maka harshe, waya ta zame mana azaba. Kana ta ƙoƙari, ni ina ta cewa ban ji ba, ƙarshe ka ture wayar cikin fushi. Shi ya sa muka shirya da Yaya Filomina. Zan rubuta da hannuna, in ɗauki hoton takardar in tura mata, ta karanta maka, abin da ka ce kuma ta turo mini. Ka ƙare ƙuruciyarka kana tilasta wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa a aji, to yau ga taka ta iso.

Na je jami'ar. Matar da ke ofis ta juya fasfona, ta ce lalle a garin nan aka haife ni, amma haihuwa daban, zama daban. Sai na yi shekara guda cur ina zaune a jihar nan kafin su karɓe ni a matsayin 'yar gida. Kuɗin baƙo kuwa, Baba, ko mun sayar da gidan har da kajin Mama ba zai kai ba. Ke nan sai Agustan baɗi. Ban manta abin da Mama ta faɗa mini a filin jirgi ba, cewa gonarta ce ta saya mini tikitin zuwa, kuma ba ta da gona ta biyu. In na dawo gida kafin lokaci, to na dawo ke nan. Na ji, na kuma riƙe.

Baba Chollom, abokinka mai tasi, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Furfura ta cinye kansa, amma dariyar tana nan yadda kake ba mu labari. Gidansa ba wurin jingina ko tsintsiya, sai ya samo mini ɗaki wurin wata 'yar Gana, Mma Safiatu, mutuniyar Kumasi. Musulma ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse a wasu jihohi, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ranar farko ta auna ni da ido daga sama har ƙasa, ta ce wa Baba Chollom ƙashi ya kawo mata ba mutum ba, ta dire mini tuwo da miyar lalo, ta tsaya a kaina sai da na suɗe kwanon.

Tana da dokoki. Takalmi a bakin ƙofa. Naman alade ko a mafarki. Kuma a gidanta ba a rufe ƙofar ɗaki a yi kuka. Na tambaye ta wa ya ce mata zan yi kuka, ko kallona ba ta yi ba. Kafin mako ya zagayo na karya wannan ta ƙarshen.

Na sami aiki a wani shagon kayan abincinmu kusa da Fordham Road. Ina jera doya da manja da daddawa, ina jin Hausa iri-iri, ta Kano, ta Nijar, ta Zangon Gana, kowa na ganin tasa ce ta gaskiya. Jirgin ƙasan da kake ba mu labarinsa, mai bi ta saman titi, ashe ba ƙari ka yi ba. In ya wuce har gwangwanayen tumatir rawa suke yi.

Gidan da kuka zauna a Morrisania lokacin karatunka, inda Mama ta yi goyona, ban je ba tukuna. Ina tsoron ɓata. Amma tunda ka ce in je in gano maka, zan je.

Ka ci abinci, ka daina yi wa likita gardama. A gaishe da Mama da kowa da kowa.

'Yarka,
Nankling


University Heights, Bronx
20 ga Disamba, 2015

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Ina fata Mama tana samun barci. Barkanmu da shirin Kirsimeti, ku da kuke da shi.

Na gode da saƙonka na watan jiya, ko da yake rabinsa faɗa ne a kan na fasa zuwa sujada sau biyu. Yaya Filomina ta ce da ka gama har gumi ka yi. Na yi dariya ni kaɗai a cikin jirgi, don na san lafiya ta samu tunda bakin faɗa ya buɗe.

Yau ba dariya zan ba ka ba. Ashe ka sake faɗuwa, har an kwantar da kai a asibiti, ba wanda ya gaya mini. Sai a bakin wata 'yar ajinmu na ji, tana tambayata yaya mai jiki, wai ta ga Mama da kwanon abinci a ƙofar asibiti. Na kira Yaya Filomina ta ce ƙaramin abu ne, an riga an sallame ka. Ƙaramin abu ne aka ɓoye mini? Baba, na cika sha takwas a watan jiya, ni ba yarinya ba ce.

Na je Morrisania. Gidan yana nan, benen jan bulo mai tsanin ƙarfe a gaba, yadda ka kwatanta. Itacen da ka ce kana jingina da shi kana karatu an sare shi, sai kututture. Na tsaya a tsallaken titi ina jira in ji wani abu a raina, tunda nan ne mafarina. Ban ji komai ba sai sanyi a yatsun ƙafa. Wata mata ta leƙo ta taga ta tambaye ni wa nake nema, na rasa sunan da zan kira, na juyo.

Ban taɓa sanin mutum zai iya gajiya da shiru a garin da ba ya yin shiru ba. Tun kafin in tashi daga shago duhu ya rufe. In na shigo Mma Safiatu tana wurin tsofaffinta, ba abin da ke magana a gidan sai hitar ɗumama ɗaki. Ta saya mini wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kai mini har idon sawu, ta ce da gangan ta ɗauki babba don tana da niyyar cika ta da nama. Tana da kirki ƙwarai, amma ba ita ce Mama ba. A majami'a, can ƙarƙashin wani bene muke taruwa, ranar Lahadi matan zumunta suka ɗauko waƙar da kake ja mana da safe, na kasa bi.

Zan faɗa maka kai tsaye. Ina so in dawo. Abin da na tara a shago zai kawo ni gida. Na san ba zai mayar da ni ba, na san gonar Mama, na san komai. Jami'a akwai ta a Jos. Amma uba ɗaya gare ni, kuma ina jin tsoro. Ina jin tsoron in zauna nan ina gadin adireshi, kai kuma wani abu ya same ka. In ka ce in zo, kafin sabuwar shekara ina gabanka, ni zan riƙa matsa maka hannun, na fi Yaya Filomina haƙuri, kai ma ka sani.

Kada Mama ta amsa maka wannan. Daga bakinka nake so in ji.

A gaishe da Mama da Yaya, da duk wanda ya zo dubiya.

Taka mai kewarka,
Nankling


University Heights, Bronx
6 ga Maris, 2016

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya zafin da aka ce ya fara a gida? Ina fata kana fita tsakar gida kana shan iska. Yaya Mama? Muryarta ta dishe a waya kwanan nan, ta ce mura ce, a sa ta ta sha wani abu.

Ka ga dai ina nan. Amsarka ta Kirsimeti ba ta bar mini ƙofa ba. Yaya Filomina ta ce tana kaiwa inda na ce ina so in dawo, ka bugi hannun kujera da hannunka mai lafiya, ka ce in zauna, kuma kalmar ta fito tas kamar ba ka taɓa ciwo ba. Na yi kwana biyu ina fushi da kai. Daga baya na sa rigata na tafi shago.

Amma ina da ƙara, kuma kai zan kai wa. Tun bayan Kirsimeti ba ka yi mini faɗa ko sau ɗaya ba. Duk saƙon da ya zo sai in huta, in sa safa biyu, kada in sha ruwan sanyi, wai kana alfahari da ni. Baba, yaushe ka fara? Ni da na kawo na biyu a aji ka tambaye ni ko mai na ɗaya kai biyu gare shi. Na gaya maka da gangan na yi Lahadi uku ban je sujada ba, amsar da ta zo wai Allah ya san zuciyata. In tsufa ne ya sa ka laushi, ni dai a dawo mini da tsohon. Kuma ko ba za ka yi magana ba, a ɗora maka wayar a kunne in gaishe ka. Duk sa'ad da na kira, ko ka yi barci, ko an shiga da kai wanka.

Ko ni ce na rame ban sani ba, don kowa lallaɓa ni yake yi. Baba Chollom ya koma zuwa ɗaukata kowace Lahadi da tasinsa, kuma ya bar ba'a, sai ya kunna rediyo ya yi ta kallon hanya. Matan zumunta suna rungume ni kamar wadda ta dawo daga tafiya. Mma Safiatu da ke tayar da gida a kan cokali ɗaya a wurin wanke-wanke, yanzu in na bar kwano sai in tarar ta wanke.

Bari in ba ka labarin jiya ko ka yi dariya. Mma ta ɗauki hutu, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun shekaranjiya ta jiƙa shinkafa, jiya da safe ta ciro wata tsohuwar tanda da ta taho da ita daga Kumasi, ta hau toya waina. Hayaƙi ya sa ƙararrawar gobara da ke rufin ɗaki ta yi ta ihu, ni ina kan kujera ina yi mata fifita da faranti, tagogi a buɗe, sanyi yana shigowa, Mma ko a jikinta. Na tambaye ta bikin me ake yi. Ta ce sadakar kwana arba'in ce, wani mutumin kirki ne ya rasu a gida. Na ce ɗan'uwanta ne? Ta ce ba ta ma taɓa ganinsa ba, amma yana da hakki a gidan nan. Sai na tsokane ta ko wani tsohon saurayi ne ba ta so a sani. Ba ta yi dariya ba, ta juya baya ta ce hayaƙi ya shiga mata ido.

Da ta gama ta ce ƙafarta na ciwo, ni zan raba. Haka na bi benen nan daga sama har ƙasa da faranti, ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Mutanen Gana, mutanen Gambiya, har wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci kaɗai, ita ma ta karɓa ta yi alamar gicciye. Malam Boubacar, maƙwabcinmu ɗan Nijar mai gadi a wani kanti, ya karɓa ya ajiye, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, sannan ya dube ni ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na ce amin kawai. Ina jin al'adarsu ce, har ɗan aike sai an yi masa ta'aziyya. Kada ka gaya wa Mma, a kan matakala na zauna na cinye guda biyu, don wainar ta yi daɗi.

Saura wata biyar. Ina riƙe da maganarka. Ka rubuto da faɗa, ko kaɗan ne.

A gaishe da Mama da Yaya Filomina.

'Yarka,
Nankling


University Heights, Bronx
13 ga Maris, 2016

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki. Yaya haƙuri? Yaya jikinki, kina iya cin abinci? Yaya Yaya Filomina da masu zuwa gaisuwa, in har yanzu suna zuwa? Ban ɗauki wayarki ba duk makon nan. Ba zan iya da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Na san Baba Chollom ya gaya miki na ji. Ban sani ba ko ya gaya miki yadda na ji.

Ranar Litinin da safe ina ɗaura takalmi zan tafi shago, Hamdatu matar Malam Boubacar ta yi sallama. Ranar sadakar tana wurin aiki, mijinta ya gaya mata ta mahaifin yarinyar nan ce, ya manta bai ce mata ta yi shiru ba. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna biyu, ta yi mini gaisuwar mutuwa cikakkiya. Har sunan Baba ta kira, Malam Shamshon. Mma Safiatu ta fito daga kicin da gudu tana ɗaga mata hannu, amma magana ta riga ta fita.

Ban yi ihu ba. Na dubi Mma, ta zauna a ƙasa. Ta ce Baba Chollom ya gaya mata tun ranar da abin ya faru don ta sa mini ido, ya roƙe ta ta rufe baki har Agusta, yadda kuka shirya. Ta ce bakin ta iya rufewa, hannun ne ya gagare ta. A wurinsu ba a barin gidan da marainiya ke kwana ya wuce arba'in ba a fitar da ko ƙwayar abinci ba. Ba ta sani ba ko mu muna yi, ba ta sani ba ko sadakar Musulma tana isa wurin Kirista, ta ce ta dai toya, Allah ya san mai ita. Kuma da gangan ta ce ƙafarta na ciwo. So take sadakar ta fita daga hannun 'yarsa.

Mama, an wanke Baba, an kai shi garinsu Pankshin, an rufe shi, an yi waƙa, an watse, ni ina jera doya. Abin da na samu na jana'izar ubana shi ne wannan farantin. Na bi ƙofa ƙofa ina washe baki, na ce tsohon saurayi ne, na zauna a matakala na ci. Sannan na rubuta masa labarin don ya yi dariya. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Da yamma Baba Chollom ya zo cikin kwat ɗinsa ta sujada, da matan zumunta biyu. Ya san na sani, amma aikin da aka ba shi sai ya yi shi yadda ake yi. Ya zaunar da ni, ya tambaya ko na ci abinci. Ya fara da cewa jikin ya yi tsanani, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Na bar shi yana ta zagaye. Da ya iso bakin kalmar sai ya kasa, ya rufe fuska da hularsa, ƙarshe ni na faɗa masa. Na san haka ake yi a gida, ba a jefa wa na nesa mutuwa ta waya, sai babba ya zo ya zauna. Amma a gida kwana ɗaya ake yi ko biyu. Ku wata bakwai kuka yi niyya.

Washegari na sa fasfo a jaka na fita. Mma tana gani, ba ta hana ni ba, ta dai gyara mini wuyan riga. Na hau har inda ake jiran jirgin ƙasa na zauna a benci. Jirage suka yi ta zuwa suna tafiya. Daga nan na kira Yaya Filomina, na ce abu ɗaya nake so, kuma kada ta sake yi mini ƙarya: wane saƙo ne na ƙarshe da ya fito daga bakin Baba? Ta ce na Kirsimeti. Bayan shi bai ƙara haɗa magana ba.

Na tambaye ta to sauran fa, wa take karanta wa wasiƙuna, wa yake amsawa. Ta yi ta kuka kafin ta faɗa. Ta ce ke. Ta ce kina zama a kujerarsa ta karanta miki, wani lokaci ki sa ta maimaita, sannan ki faɗi abin da za a ce mini.

Ashe ke ce mai safa biyu. Ke ce kike alfahari da ni. Tun ina yarinya ban taɓa jin irin wannan daga bakinki ba, ke sai dai ki ƙara mini nama a kwano ki ce in tashi in yi shara. Kina cikin takaba, gida cike da mutane, kina zaune kina ƙirƙiro mini uba don kada in hau jirgi. Na zauna a bencin nan na rasa da wa zan yi fushi. Har yanzu ina fushin, ba zan ɓoye miki ba. Da kun gaya mini, wataƙila da na zo, wataƙila da na zauna, amma da ni ce na zaɓa. Wannan kun ɗauke mini, kuma ba ya dawowa.

Na koma gida. Na tarar Mma ta bar ƙofa a buɗe. Na shiga ɗakina na yi kukan da ban taɓa yi ba, ban rufe ƙofa ba, ita kuma ta zauna a bakin gadon har na gaji.

Ba zan zo ba, Mama. Ya ce in zauna, kuma ita ce maganarsa ta ƙarshe gare ni. Zan cika shekarar, in shiga makarantar. Kabarin zai jira ni. Na roƙi Mma ta koya mini tandar. Asabar mai zuwa ni zan toya, in sake bin ƙofofin nan, in faɗi sunansa da bakina a kowace ƙofa.

Zan ci gaba da rubutowa, don na saba, kuma ba ni da wani wurin kai maganata. Yaya Filomina ta ci gaba da karanta miki. In kina so ki ce in sa safa, ki ce. In kina so ki ce kina kewata, ki ce. Amma daga yau ki amsa mini da sunanki.

Ki gaishe da Yaya. Mma Safiatu tana yi miki gaisuwa, ta ce Allah ya ba ki haƙuri.

'Yarki,
Nankling Shamshon